Feftayid Ba Sabulun Wanke Jijiya Ba Ne

Makonni kaɗan da suka wuce na je gaishe da wani kawuna wanda aka yi wa aikin buɗe jijiyar zuciya shekara biyu baya, aka sa masa ɗan ƙarfen nan da ke tokare jijiya don kada ta sake rufewa. Muna cikin hira sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce in kalli wani bidiyo da aka turo masa. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, riƙe da 'yar kwalbar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, yana bayani cikin natsuwa cewa abin da ke cikinta feftayid ne, yana wanke jijiyoyin jini tas, yana kashe kumburi, kuma duk wanda ya same shi ya huta da haɗiyar ƙwayar statin, maganin rage kolestarol (wani nau'in kitse) a jini, har abada.

Na ce, "Kawu, ba dai kun daina shan maganinku ba?" Sai ya yi jim, sannan ya ce wata biyu ke nan rabonsa da shi, domin cinyoyinsa suna yi masa ciwo, ga shi kuma sabon abu ya fito. Ya tashi ya ɗauko kwalbar da ya saya ta intanet. Farin gari ne ɗan kaɗan a gindinta, kuma a jikin takardar an rubuta da ƙananan haruffa cewa don binciken ɗakin gwaji kawai aka yi shi, ba don amfanin ɗan Adam ba.

Ran nan hankalina ya tashi ƙwarai, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Matsayina shi ne, magungunan feftayid fage ne na bincike mai daraja wanda ya cancanci kuɗi da haƙuri, kuma daga cikinsu akwai wanda ya riga ya nuna amfaninsa ga masu ciwon zuciya. Amma kalmar feftayid ita kaɗai ba ta gaya mana komai game da amfanin magani ko illarsa, kuma babu abin da ya isa a kira shi maganin toshewar jijiyoyin jini har sai an ba dubban mutane shi, an bi su shekaru, an ƙirga an ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu a cikinsu. Wanda ya ajiye maganin da ya tsallake wannan siraɗi don ya rungumi wanda bai ko hau shi ba, ya saki na hannu ya bi na guje.

Mene ne feftayid ɗin?

Furotin ɗin da ke jikinmu an gina su ne da ƙananan tubala da ake kira amino asid, waɗanda ake jerawa ɗaya bayan ɗaya kamar duwatsun ado a zare. Idan jerin ya yi tsawo, ya kai ɗaruruwa, sai a ce furotin. Idan gajere ne, kamar daga biyu zuwa wajen hamsin, sai a ce feftayid. Insulin da masu ciwon sukari ke amfani da shi tun 1922 yana da tubala 51. Ke nan ba sabon abu ba ne, kuma sunan yana bayyana siffar abu ne kawai, kamar a ce "ruwa-ruwa" ko "gari". Babu mai hankalin da zai sha abu don kawai an ce masa gari ne.

Masu bincike suna son feftayid saboda yana iya manne wa abin da aka nufa daidai-wa-daida, ya bar sauran. Matsalarsa kuwa ita ce ciki yana ɗaukarsa abinci, ya narkar da shi kamar yadda yake narkar da kowane furotin, wanda ya tsira ya shiga jini kuma ƙoda da sinadaran jiki su kawar da shi cikin ɗan lokaci. Shi ya sa yawancinsu allura ce.

Jijiya ba bututun ruwa ba ce

Mai bidiyon nan ya gina maganarsa a kan hoton da yawancinmu muke da shi a kai, wato jijiya kamar bututun ruwa ce da maiƙo ya daskare a cikinta, sai a zuba abin wanki ya tafi da shi. Wannan hoto kuskure ne, kuma daga gare shi yaudarar take samun ƙofa.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin da ke dakon kolestarol a jini, waɗanda ake kira LDL, suna kutsawa cikin bangon jijiyar kansa, su maƙale a ƙarƙashin siririn rufinta na ciki, su lalace a can. Garkuwar jiki ta ɗauke su baƙi, ta aiko da ƙwayoyinta masu haɗiye datti, su yi ta haɗiya har su cika da kitse su mutu a wurin. A shekaru ashirin ko talatin sai a sami wani tudu a cikin bangon, cikinsa kitse da matattun ƙwayoyi, samansa fata mai kauri ko siririya. Ya fi kama da maruru fiye da maiƙon bututu. Yawancin bugun zuciya yana faruwa ne ranar da fatar wannan marurun ta tsage, jini ya daskare a kanta nan take, hanya ta rufe.

Tun 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol ya ga jijiyoyinsu sun yi irin wannan tudu. A 1999 Russell Ross na Amurka ya fito fili ya kira cutar da sunan cutar kumburi, kuma a 2010 aka nuna cewa kolestarol ɗin da ya daskare ya zama tsinkaye a cikin tudun yana tayar da wata na'urar kumburi da ke cikin ƙwayoyin garkuwa, mai suna NLRP3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na mace-macen a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka faru. Batun da ya kai wannan girma bai kamata a bar shi a hannun masu tallar kwalba ba.

Darasin kolestarol "mai kyau"

A nan nake so in daɗe, domin wannan labarin shi ne ya koya mini taka-tsantsan.

Akwai wasu ƙwayoyin dako na daban, HDL, waɗanda aikinsu kwaso kolestarol daga sassan jiki su mayar da shi hanta. An daɗe da lura cewa masu HDL da yawa ba su cika samun bugun zuciya ba, sai aka laƙaba masa suna mai kyau. Babban furotin ɗin da ke jikinsa, apoA-I, yana da tubala 243. A 1980 masu bincike a Italiya suka ba da labarin wasu 'yan uwa a ƙauyen Limone sul Garda, waɗanda suka gaji wani nau'in wannan furotin mai ɗan bambanci, HDL ɗinsu ƙasa ƙwarai amma jijiyoyinsu lafiya lau. Aka sa wa furotin ɗin suna apoA-I Milano, aka ƙera shi a ɗakin gwaji, kuma a 2003 aka wallafa wani ɗan gwaji na mutum 47 da ya nuna tudun jijiya ya ɗan ragu bayan ƙarin maganin ta jijiya sau biyar kacal. Duniya ta ɗauka, jaridu suka yi ta kiransa mai wanke jijiya, kamfanin Pfizer ya sayi kamfanin da ya mallake shi a kan dala biliyan 1.3. A 2016 aka sake gwada maganin da tsari mafi ƙarfi, ba a ga komai ba, aka ajiye shi.

A gefe guda kuma wasu masana a Jami'ar Alabama da ke Birmingham, Jere Segrest da G. M. Anantharamaiah, sun yi tunani mai kyau tun shekarun 1980: tunda furotin ɗin dogo ne, ƙera shi yana da wuya da tsada, me zai hana a kwaikwayi siffarsa da gajeren feftayid mai tubala 18, wanda gefensa ɗaya ke son kitse, ɗayan ke son ruwa? Daga wannan aiki aka sami wanda ake kira 4F. A 2002 ƙungiyar Alan Fogelman da Mohamad Navab a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles ta ba ɓeraye wani nau'insa, D-4F, ta baki, kuma tudun jijiyoyinsu ya ragu da sama da kashi 70 cikin 100, alhali yawan kolestarol ɗin jininsu bai canza ba. Abin ya burge kowa, domin ya nuna feftayid ɗin yana ɗaure gurɓatattun kitse masu tayar da kumburi.

Da aka zo kan mutane sai labari ya sauya. A 2008 aka gwada D-4F a wani bincike na mutum 50, aka ga abin da ke shiga jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kamfanin Novartis ya gwada ɗan uwansa L-4F ta allura, ya kai jini yadda ake so, amma sakamakon da aka wallafa a 2011 bai nuna gyara a alamomin da aka auna ba. Masu binciken ba su karaya ba, suka koma suka gano cewa da alama a hanji feftayid ɗin yake aikinsa, har suka dasa wani nau'insa, 6F, a cikin tumatir suka ciyar da ɓeraye a 2013. Ilimi ne mai kyau, kuma ina girmama naci irin wannan. Amma sama da shekara ashirin bayan ɓerayen 2002, babu feftayid ko ɗaya mai kwaikwayon apoA-I da likita zai rubuta wa mai ciwon zuciya.

Babban gwajin da aka yi wa wannan tunani gaba ɗaya ya zo a 2024. An tace apoA-I na gaskiya daga jinin mutane, aka kira shi CSL112, aka raba mutum 18,219 da ba su daɗe da samun bugun zuciya ba gida biyu, aka yi wa rabi ƙarin maganin sau huɗu, rabi kuma aka ba su abin da babu magani a ciki. Bayan kwana 90, kashi 4.8 na waɗanda suka sami maganin sun sake samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ko sun mutu ta dalilin zuciya, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 5.2, bambancin da bai isa a ce maganin ne ya kawo shi ba. Kafin wannan ma, a 2006, an dakatar da gwajin wata ƙwaya mai suna torcetrapib wadda ta ɗaga HDL da sama da kashi 70 cikin 100, domin masu shanta sun fi mutuwa.

Duk waɗannan masana ne na ƙwarai, da kuɗi masu yawa, da hujjoji masu shiga hankali. Idan su sun yi ta faɗuwa a matakin ƙarshe, da wane dalili zan yarda da mai farar rigar da bai ko fara hawa matakin farko ba?

"To, ai akwai feftayid da ya yi aiki"

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini. Semaglutide feftayid ne mai tubala 31, an ƙera shi ne a kan wani sinadarin hanji mai suna GLP-1, aka gyara shi yadda zai yi mako guda a jiki. A gwajin SELECT da aka wallafa a 2023, an bi mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da ciwon sukari, na sama da shekara uku. A cikin kowane mutum 1,000 da ba su sami maganin ba, wajen 80 sun sami bugun zuciya ko shanyewar jiki ko sun mutu ta dalilin zuciya. A cikin waɗanda suka samu, wajen 65. Alamar kumburi ta jini, CRP, ita ma ta sauka da sama da kashi ɗaya cikin uku. Wannan nasara ce ta haƙiƙa, kuma mutum 15 cikin 1,000 ba ƙaramin abu ba ne ga iyalan da abin ya shafa.

Sai dai a lura da abu biyu. Yawancin mutanen da ke cikin wannan gwaji suna shan statin, ke nan an ɗora semaglutide ne a kan tsohon magani, ba a maye gurbinsa da shi ba. Na biyu, kusan mutum ɗaya cikin shida ya daina amfani da shi saboda illoli, galibi tashin zuciya da amai da gudawa. Mun san amfaninsa da illarsa da lambobi ne domin an gwada shi, kuma wannan gwajin ne ya ba shi daraja, ba kasancewarsa feftayid ba.

Wanda ni kaina na fi sa wa ido shi ne enlicitide na kamfanin Merck. Hanta tana da wasu ƙugiyoyi a jikinta da ke kamo LDL daga jini, kuma akwai wani furotin, PCSK9, da ke lalata waɗannan ƙugiyoyi. An gano alaƙarsa da kolestarol a 2003, sannan a 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na Dallas suka nuna cewa wasu baƙaƙen fata na Amurka da suka gaji PCSK9 mai rauni suna da LDL ƙasa da na sauran da kashi 28, kuma ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 88 a tsawon shekara 15. Daga nan aka ƙera alluran da ke toshe PCSK9, aka amince da su a 2015, kuma gwajin FOURIER na mutum 27,564 ya nuna sun rage LDL da kashi 59, sun rage manyan matsalolin zuciya da kashi 15.

Waɗannan allurai manyan furotin ne, sai an ajiye su a sanyi. Enlicitide kuwa, wanda shi ma PCSK9 ɗin yake toshewa, feftayid ne da aka lanƙwasa ya zama zobe don kada ciki ya narkar da shi, ana haɗiye shi ƙwaya ɗaya kullum kafin a ci komai. A babban gwajin da aka gabatar a Nuwamban 2025, na mutum kusan 2,900, ya rage LDL da sama da kashi 55 a cikin mako 24. Ina da kyakkyawan zato a kansa fiye da yadda nake da shi a kan masu kwaikwayon HDL, domin hanyar da yake bi an riga an tabbatar da ita: statin, da ezetimibe (wata ƙwayar rage kolestarol), da alluran PCSK9, duk sun rage LDL ta hanyar ƙugiyoyin hanta, kuma duk sun rage bugun zuciya. Duk da haka, gwajin da zai ƙirga bugun zuciyar kansa, na mutum sama da 14,000, yana kan tafiya, ana sa ran sakamakonsa wajajen 2029. Kyakkyawan zatona ba ya hana ni jiran wannan ƙirgen.

"Kumburi ne tushen cutar, kolestarol ba shi da laifi"

Wannan magana ta yaɗu sosai, kuma masu tallar feftayid suna hawa kanta domin tana ba su damar cewa a bar statin. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A 2017 gwajin CANTOS, ƙarƙashin jagorancin Paul Ridker, ya ba wasu daga cikin mutum 10,061 allurar canakinumab, wadda ke toshe wani manzon kumburi ba tare da ta taɓa kolestarol ba, kuma matsalolin zuciya suka ragu da kashi 15. Tsohon maganin kumburin nan colchicine shi ma ya rage su a gwaje-gwaje biyu, na 2019 da na 2020, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki a 2023, ko da yake wani gwaji na mutum 7,000 a 2024 bai ga amfaninsa ba. Ke nan kumburi yana da hannu dumu-dumu.

Amma masu maganar suna tsallake rabin labarin. Mutanen CANTOS kusan dukansu suna kan statin, kuma waɗanda suka sami allurar sun fi mutuwa ta dalilin cututtuka masu yaɗuwa, domin kumburin da aka danne shi ne makamin jiki a kan ƙwayoyin cuta. Sannan kumburin jijiya ba daga sama yake faɗowa ba, LDL ɗin da ya maƙale a bango ne ke tayar da shi. Idan kumburi wuta ne, LDL shi ne itacen, kuma mai son wuta ta mutu ba zai yi ta yayyafa ruwa yana barin ana tura itace ba. Statin kansa yana rage CRP. Raba abubuwan nan biyu, a ce a zaɓi ɗaya, ba daga ilimi ya fito ba.

Ina fata wata rana a sami feftayid da zai kai maganin kumburi cikin tudun jijiya kai tsaye, ya bar sauran garkuwar jiki tana aikinta. Ana bincike a kan haka, kuma a ganina nan ne feftayid zai iya yin abin da ƙwaya ta gama-gari ba za ta iya ba. Amma yawancin wannan aiki har yanzu a kan dabbobi yake.

"Daga jiki yake, ba zai cutar ba"

Dafin zuma feftayid ne a mafi yawansa. Gubar da ke cikin wani naman kaza mai kashe hanta feftayid ce mai tubala takwas. A 2012 an amince da wani feftayid mai suna peginesatide a Amurka don ƙarancin jini na masu wankin ƙoda, bayan ya wuce gwaje-gwaje, amma a farkon 2013 aka janye shi domin wasu marasa lafiya sun mutu da mummunan rikicewar garkuwar jiki jim kaɗan bayan allurar farko. Wannan wanda aka ƙera a masana'anta mai tsabta ke nan, ana sa masa ido, shi ya sa aka gane da wuri.

Kwalbar da ke hannun kawuna kuwa babu wanda ya tabbatar da abin da ke cikinta, ko yawansa, ko tsabtarsa, kuma idan ta cutar da wani babu mai ƙirgawa. Rubutun nan na "don bincike kawai" an yi shi ne don mai sayarwa ya wanke hannunsa. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tallatawa ta wannan hanya, BPC-157, kusan duk abin da aka sani a kansa daga ɓeraye ne, hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi don kowace cuta ba, kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi tun 2022.

"Amma statin yana sa ciwon jiki"

Wannan ƙorafin ba zan yi masa riƙon sakainar kashi ba, domin shi ne ainihin abin da ya kori kawuna, bidiyon dai ya ba shi uzuri ne kawai. Ciwon da yake ji na gaske ne. Statin yana iya taɓa tsoka, a wasu 'yan kaɗan ma sosai. Amma a 2020 an yi wani gwaji mai wayo a Landan, SAMSON, da mutum 60 da suka daina statin saboda illa. An ba su kwalabe na wata-wata, wasu da statin, wasu da ƙwayar da babu komai a cikinta, wasu kuma fanko, ba tare da sun san wace ƙwaya ce wace ba. Kashi 90 cikin 100 na ciwon da suka ji da statin sun ji shi da ƙwayar banzar ma, kuma da aka nuna musu sakamakonsu, rabinsu suka koma shan maganin.

Wanda kuma da gaske jikinsa bai karɓi statin ba yana da mafita: a rage yawansa, a sauya masa wani nau'i, a ƙara ezetimibe, ko a koma ga bempedoic asid, wanda a 2023 ya rage matsalolin zuciya da kashi 13 a gwajin mutum 13,970 da ba sa iya shan statin. Abin da ya sa nake nacewa shi ne girman abin da ake bari. Tun gwajin 4S na 1994, na mutum 4,444, aka ga wani nau'in statin mai suna simvastatin ya rage mutuwa da kashi 30, kuma da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa aka ga kowane ragin milimol 1 na LDL a lita yana rage manyan matsalolin jijiya da wajen kashi 22. Ga mutumin da ke da ƙarfe a jijiyar zuciyarsa, wata biyu ba tare da wannan kariya ba kasada ce babba.

A nan zan ɗora wani laifi a kan likitoci. Mara lafiya da ya ce jikinsa yana ciwo aka ce masa ya daure, ba a saurare shi ba, ba a yi masa bayani ba, to an miƙa shi ne ga mai bidiyo, wanda shi yana da lokacin magana da murmushi.

Batun kuɗi

Ko da enlicitide ya ci jarrabawarsa, tambayar wa zai iya saye tana nan. Alluran PCSK9 sun fito a Amurka a kan wajen dala 14,000 a shekara, kuma ko a can mutane da yawa ba su samu ba, har aka rage farashin da kashi 60 daga 2018. Ƙwayar da ba ta buƙatar sanyi ko allura tana iya isa inda allura ba ta isa ba, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake goyon bayan binciken feftayid na haɗiya. Amma hakan zai tabbata ne kawai idan masu ƙera ta da gwamnatoci sun yarda a yi mata farashin da ƙasashen da suka fi yawan mace-macen za su iya ɗauka, kuma tun yanzu ya kamata a fara wannan ciniki, kafin sakamakon 2029 ya fito ya ƙara mata tsada.

Kwana uku bayan ziyarar nan na raka kawuna wurin likitansa, muka tafi da kwalbar. An auna jininsa aka ga LDL ya koma sama kamar yadda yake kafin aikin. Likitan ya saurari ƙorafin cinyoyin har ƙarshe, ya sa a yi gwajin tsoka, ya sauya masa nau'in statin ɗin da ƙaramin awo, ya haɗa masa da ezetimibe, ya ce ya dawo bayan mako shida a sake aunawa. Da kawu ya tambaye shi labarin sabuwar ƙwayar feftayid ɗin, ya ce masa yana bibiyar gwajin, kuma idan sakamakon ya yi kyau, irinsa ne za a fara tunawa da su. Kwalbar kuma ya karɓa ya sa a kwandon sharar asibiti.